Asusun admin na gida da asusun admin na domen a kan saba mai kula da domen

A cibiyar sadarwar kwamfutoci masu aiki da Windows akwai asusun gudanarwa iri biyu. Na gida yana zaune ne a cikin kwamfuta ɗaya, a rumbun da ake kira SAM, kuma ikonsa bai wuce wannan kwamfutar ba. Na domen kuwa, wato rukunin kwamfutocin da ake gudanarwa daga wuri ɗaya, yana cikin Active Directory, kundin asusun domen wanda Microsoft ta fito da shi tare da Windows 2000, ana adana shi a fayil ɗin NTDS.dit, kuma dukkan sabobin (server) da ke kula da domen, wato domain controller, suna da kwafinsa. Sunan duka biyun yakan zama Administrator, lambar shaidarsu kuma tana ƙarewa da 500, shi ya sa ake yawan rikita su.

A kwamfutar da aka shigar cikin domen, asusun biyu suna zaune tare. Wanda ya rubuta .\Administrator ya shiga da na gida, wanda ya sa sunan domen a gaba ya shiga da na domen. Da zarar kwamfuta ta shiga domen, ana saka rukunin Domain Admins, wato masu gudanar da domen, cikin rukunin Administrators nata kai tsaye.

Lamarin ya sha bamban a kan saba mai kula da domen, domin ita ba ta da asusun gida irin na yau da kullum. Idan ita ce ta farko a sabon domen, asusun Administrator nata na gida shi ke komawa Administrator na domen, da kalmar sirrinsa. Idan kuma an ƙara ta ne a domen da yake akwai, tsofaffin asusunta na gida sun tafi ke nan. Ko lusrmgr.msc, manhajar sarrafa asusun gida, ba ta aiki a kanta, sai dsa.msc, ta sarrafa asusun domen.

Kuskure mafi tsada yana nan. Rukunin Administrators da ake gani a irin wannan saba ba nata ba ne ita kaɗai, na domen ne baki ɗaya. Don haka wanda aka saka a ciki don ya gyara firinta ko ya girka manhaja a saba ɗaya, an ba shi iko a kan dukkan sabobin da ke kula da domen, kuma yana iya saka kansa cikin Domain Admins ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Inda ake buƙatar ba wani ikon saba guda tak, kamar a reshen ofis, hanyar ita ce RODC, wato saba mai kwafin karatu kawai, wadda ta zo da Windows Server 2008.

Asusu ɗaya ne ya rage a SAM na sabar: na DSRM, yanayin farfaɗo da Active Directory idan rumbunsa ya lalace. Ana saka kalmar sirrinsa ranar da aka ɗaga sabar ta zama mai kula da domen, kowace saba da tata, ba a kwafa ta zuwa sauran. Sai a yi shekaru ba a taɓa ta ba, ranar da ake nemanta kuma babu wanda ya tuna. Ana sauya ta da manhajar ntdsutil: a rubuta set dsrm password, sannan reset password on server null. Shiga yanayin kuwa, bcdedit /set safeboot dsrepair ne sai a sake kunna sabar. Bayan an gama dole a cire shi da bcdedit /deletevalue safeboot, in ba haka ba can za ta riƙa komawa. A rajistar Windows akwai DsrmAdminLogonBehavior, wanda ke ƙayyade lokacin da za a iya shiga da asusun DSRM: 0 na nufin sai a yanayin farfaɗowa, 1 idan an tsayar da hidimar Active Directory, 2 a kowane lokaci. Masu kutse na son 2, don haka ganinsa abin bincike ne.

Ba a shiga kwamfutar ma'aikaci da asusun Domain Admins, saboda sawun kalmar sirrin na iya zama a ƙwaƙwalwarta har mai kutse ya kwashe. Don irin wannan aiki asusun gida ya isa, muddin kowace kwamfuta da kalmarta daban. Manhajar Windows LAPS, da ta fito a Afrilun 2023, tana sauya waɗannan kalmomi da kanta, har da ta DSRM.

Idan aka sauke saba daga matsayin mai kula da domen, Windows na neman a saka sabuwar kalmar sirri ta Administrator na gida kafin ta sake tashi.