Thou da Ye: Tsofaffin Wakilan Suna a Turanci

"Thou", "thee", "thy", "thine" da "ye" wakilan suna ne na mutum na biyu da Turawan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da su kafin "you" ta mamaye wurinsu. "Thou" tana nufin kai ko ke a matsayin aikau, "thee" a matsayin karɓau, "thy" da "thine" na mallaka ne, "ye" kuwa ita ce ku.

Tushensu tsoho ne ƙwarai. A tsohon Turanci ana rubuta tilon da þū, kuma uwarsu ɗaya da "tu" ta Latin da Faransanci, da "du" ta Jamusanci, da "to" ta Farisanci. Har wakilin mutum biyu kacal harshen yake da shi a lokacin, wato "git", wanda ya ɓace tun da wuri.

Bayan Normandawa na arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada. Daga ƙarni na 13 aka fara kiran babban mutum guda da jam'i don girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo "ku". Sai "thou" ta koma ta yara da barori da masoya, ko ta raini. A shari'ar Walter Raleigh, wani bafaden Ingila, a 1603, lauyan gwamnati Edward Coke ya yi ta jifarsa da "thou" da gangan don ya wulaƙanta shi. Tunda ba wanda yake son a ce ya raina wani, mutanen Landan suka riƙa ce wa kowa "you", wadda asalinta karɓau ce ta jam'i. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare, "thou" ta fita daga daidaitaccen Turanci. Kiristoci mabiya ɗarikar Kwaka ta George Fox sun ƙi sakinta, domin a wurinsu mutane duka ɗaya ne.

Abin lura shi ne yadda martabar kalmar ta juya. William Tyndale a fassararsa ta Sabon Alkawari ta 1526, da Baibul na Sarki James na 1611, sun riƙe "thou" da "ye" don bambance tilo da jam'i kamar yadda Girkanci da Ibrananci suke yi. Da "thou" ta rage a addu'a da waƙa kaɗai, sai kunne ya fara jin ta a matsayin kalmar ɗaukaka. Wannan salon Marmaduke Pickthall ya bi a fassarar Alƙur'ani ta 1930, haka ma Abdullah Yusuf Ali.

Asara ce ta gaske, domin "you" ba ta nuna mutum ɗaya ake nufi ko taro. Shi ya sa a kudancin Amurka ake amfani da "y'all", a Ayiland "youse", a Burokan Nijeriya kuma "una". A Yokshaya da Lankashaya na arewacin Ingila har yanzu akan ji "tha", wato "thou", a bakin wasu tsofaffi.