Shin "tenor" na nufin murya mai kauri?

Wasu na ɗauka cewa kalmar Turanci "tenor" na nufin muryar namiji mafi kauri. Wannan "bass" ce. Tenor muryar maza ce mai tashi sama, "baritone" kuma na tsakaninsu. Asalin kalmar "tenor" shi ne "tenere" na Latin, wato riƙewa, domin a tsoffin waƙoƙin cocin Turai muryar tenor ce ke riƙe da karin waƙar.

Tana kuma nufin inda magana ta dosa, misali wasiƙar da ta zo da sigar gargaɗi. A banki kuwa, wa'adin biyan bashi ke nan.

Mai son tabbatarwa ya duba ƙamus, ko ya gwada a fiyano: tenor na kamawa kusan daga C3 zuwa C5 (sunayen sautuka ne a fiyano, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), bass kuwa na sauka har E2. A taimaka a tura wa wasu.