Ƙiyasta Iskar Kabon da Ɗan Adam ke Fitarwa ta Numfashi

Sitoyikiyometiri reshe ne na ilimin sinadarai da ke lissafa gwargwadon abin da ke shiga haɗuwar sinadarai da abin da ke fita daga cikinta. Bajamushen nan Jeremias Richter ne ya raɗa masa suna a 1792, kuma ginshiƙinsa shi ne cewa nauyin abu ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Kafin nan Lavoisier na Faransa ya riga ya nuna cewa numfashi wata ƙonewa ce mai tafiya sannu a hankali, wannan ne kuma ya ba da damar auna shi da alƙalami.

Tuwon dawa ko furar gero da Basakkwace ya ci, jiki yakan narkar da sitacinsu ya zama sukarin gulukos, sannan ya ƙona shi da iskar oksijin da aka shaƙa, a samu iskar kabon dayoksaid da ruwa, kamar haka:

C₆H₁₂O₆ + 6O₂ → 6CO₂ + 6H₂O

Mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin abu a ilimin sinadarai; mol ɗaya na gulukos giram 180 ne, yana kuma ba da kuzari kimanin kilokalori 670, tare da mol shida na iskar kabon dayoksaid masu nauyin giram 44 kowanne, wato giram 264. Mutumin da jikinsa ke cin kilokalori 2,000 a yini zai ƙona kusan mol uku, giram 540 ke nan, ya fitar da mol 18 na iskar, wanda ya kai kusan giram 800. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, iskar da ta fita ta fi sukarin da aka ƙona nauyi, domin oksijin ya ƙara mata nasa nauyin. Da yake iska tana buɗewa da zafi, a ranar bazara da Sakkwato ta kai digiri 40, wannan adadi na iskar zai cika wurin da ya haura lita 450.

Ƙiyasi ne dai, domin ba gulukos kaɗai jiki ke ƙonawa ba. Idan kitse yake ƙonawa, kamar yadda yakan karkata a ƙarshen yinin azumi, mol bakwai kacal na kabon dayoksaid ke fita a kan kowane mol goma na oksijin, furotin kuma kusan takwas. Haka nan manomin da ya wuni yana huɗa a fadamar Rima ya fi mai zaman shago ƙona abinci, don haka da adadin kalorinsa ake fara nasa lissafin.