Rabin awa sau biyu: haƙƙin mai shayarwa a wurin aiki da shirin tatsar nono

Ranar da mai jego ta yi arba'in, saura kwana biyu hutun dole da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ta bayan haihuwa ya ƙare. Mako shida ne, wato kwana 42. Daga nan kamfani na iya cewa ta dawo bakin aiki, alhali jariri ko wuya bai riƙe ba, ga shi a asibiti an ja mata kunne ta ba shi nono zalla har wata shida, ko ruwa kada ta haɗa masa. Tsakanin abin da asibiti ya ce da abin da kamfani ke nema akwai kusan wata huɗu da rabi, kuma mace mai aiki ba ta da abin cike wannan giɓi da ya wuce ta tatsi nono ta bar wa mai raino.

Maganar tana sashe na 54 na dokar, wadda ta samo asali tun zamanin soja a farkon shekarun 1970. Sashen ya shafi masana'antu da wuraren kasuwanci da na noma, na gwamnati da masu zaman kansu. Ya ce mai ciki na da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita cewa haihuwa ba za ta wuce mako shida ba, kuma ba a yarda ta yi aiki ba a mako shida na bayan haihuwa. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan lokaci. Ba a kuma ba ta takardar sallama tana cikin hutun.

Sai sakin layi na huɗu, wanda mata da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba: idan tana shayarwa, a ba ta rabin awa sau biyu a rana, a cikin lokacin aiki, domin shayarwar. Wannan bai rataya da daɗewa a wurin aiki ba, ko jiya aka ɗauke ki kina da shi. Dokar ba ta kuma yanke masa wa'adi ba, sharaɗin kawai kina shayarwa. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta yanke: awa ɗaya a rana, har wata 12 daga ranar haihuwa.

Rabin awar nan tsohon ma'auni ne. Ya fito ne daga yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1919, lokacin da ake hasashen uwa tana aiki a masaƙa, ɗanta na nan kusa, a kawo mata shi ko ta leƙa ta dawo. A Kano, wadda ke zaune a unguwar Rijiyar Zaki tana aiki a Sharaɗa, rabin awa ko hanya ba zai kai ta ba. Shi ya sa amfanin da za ki iya ci daga wannan haƙƙi a yau shi ne ki tatsa. Dokar ba ta ambaci tatsa da suna ba. Ni dai a ganina babu mai hankalin da zai ce nonon da aka tatsa da rana aka ba yaro gobe ba shayarwa ba ne, amma tunda ba a rubuta ba, kada ki bar maganar a fatar baki.

Akwai sauran abubuwan da sashen ya yi shiru a kansu, kuma su ne ke ba mata wahala. Bai ce a ba ki ɗaki ba, bai ce firji ba, bai ce wurin wanke hannu ba. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2022 ta tilasta wa mafi yawan masu ɗaukar aiki su ba da lokaci da keɓantaccen wuri, wanda ba banɗaki ba, har yaro ya shekara. Mu ba mu da irin wannan. Hukuncin wanda ya taka sashe na 54 ma tarar da ba ta wuce Naira 200 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun. Abin takaici ne a ce har yau haka yake a rubuce.

Ma'aikatan gwamnati nasu tsarin daban ne. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai shayarwa awa biyu kowace rana har wata shida daga ranar da ta dawo hutu, kuma yawanci tashi da wuri ake yi da su. Jihar Legas ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Masu riƙe da muƙaman shugabanci ko aikin ƙwararru a kamfanoni kuwa, yawancin haƙƙinsu yana cikin takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani ne, don haka ki ɗauko su ki karanta tun ciki bai tsufa ba.

Kafin ki tafi hutu, ko aƙalla mako biyu kafin ki dawo, ki rubuta wa ofishin kula da ma'aikata gajeriyar wasiƙa. Ki ambaci sashen, ki faɗi lokutan da kike so, misali ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe biyu, ki nemi ɗaki mai ƙofa da ake kullewa da kujera, da soket idan na'urarki mai wuta ce. Ki nemi a rubuta cewa wannan lokaci ban da hutun cin abinci da salla, kuma ba za a zaftare miki albashi saboda shi ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2000 ta ce lokacin shayarwa lokacin aiki ne da ake biya. Tamu dokar ta tsaya ne a kan cewa a cikin lokacin aiki yake. Ki riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa. Wasu wuraren sukan yarda a haɗe awar a tashi da wuri. Yana da daɗin ji, amma ki yi tunani: wuni guda nono na cike ba a rage ba, shi ke kawo sanƙarewa da zazzaɓi, sannan ruwan ya fara ja baya, domin jiki gwargwadon abin da aka cire yake sake kawowa.

Rabin awa kuma ba shi da yawa idan aka lissafa tafiya ɗakin, wanke hannu, tatsar kanta ta minti 15 zuwa 20, da wanke kaya. Wadda ta fara koyo ranar da ta koma aiki za ta sha wuya. Ki fara tun saura mako biyu, sau ɗaya a rana, da safe bayan yaro ya sha, lokacin da nono ya fi yawa. Kada ranki ya ɓaci idan cokali biyu kika samu a farko, haka yake farawa. Ki koyi tatsa da hannu ko da kin sayi na'ura, ungozoma ko nas a asibitin awo za ta nuna miki, domin hannu ba ya jiran wuta. A wannan mako biyun ne kuma kaka ko mai raino za ta koyi ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, wanda ya fi fida sauƙin wankewa. Ita za ta riƙa ba shi, ba ke ba, don jariri in yana jin ƙamshin uwarsa ba kasafai yake karɓar kofi ba.

Ajiya ita ce inda zafin ƙasarmu ke shigowa. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar ita ce awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firji, wata shida a firiza. Ɗaki a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya wuce 25 nesa ba kusa ba, firjinmu kuma sai yadda wuta ta yi da shi. Abin dogaro shi ne ƙaramar kula da ƙanƙara, wadda kan riƙe nono har awa 24. Ki zuba kaɗan-kaɗan a mazubi mai murfi, gwargwadon sha ɗaya, saboda abin da yaro ya sha ya rage ba ya wuce awa biyu. A ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Idan an ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, a juya shi a hankali. Wanda ke jikinki kuwa ba ya tsami don kin wuni a waje. Ki na dawowa ki wanke hannu ki ba shi, ki kuma sake masa ya sha da dare da ranakun hutu.

Ki rubuta sunan yaro da rana a jikin kowane mazubi, musamman in gidan raino za ki kai, don kada a ba wani yaron. Ban da tsafta, akwai addini a ciki: a mazhabar Malikiyya nonon mace in ya isa cikin jariri, ko da cokali aka ba shi, yana ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa.

Idan kin rubuta an hana ki, ki fara da wakilin ƙungiyar ƙwadago in akwai, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, inda jami'ai kan kira mai kamfani a zauna. In abin ya ƙi, ko aka fake da wani dalili aka sallame ki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu biranen. Abin da lauya zai fara tambayarki shi ne takardar ɗaukar aiki, takardar likita, da wasiƙar nan mai hatimi.