Ba Lemo Ba Ne, Ku Daina Miƙa wa Yara

Da zarar zafi ya kankama a Tahoua, jarabawar BEPC da ta bak kuma suka matso, mun san irin baƙin da za mu yi a likita. Yaro ɗan shekara 14 ko 15, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, ciki na zafi, ido ya yi jawur don bai runtsa ba. Uwa ta ce masassara ce, kaka ta ce iskoki ne. A yi gwajin zazzaɓin sauro, ba a ga komai ba. Sai an fitar da kowa an lallaɓa shi, sannan ya faɗi gaskiya: tun safe bai sa loma a bakinsa ba, kwalba biyu ta abin shan ƙara kuzari ya kwankwaɗa, da dare kuma ya bi da shayin fada.

Iyaye, wannan abin ba lemo ba ne. Yana cikin firji ɗaya da lemo, yana da sanyi da zaƙi kamar lemo, amma abin da ke cikinsa daban. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da kafeyin (sinadarin nan mai hana barci da ke cikin shayi da goro) miligiram 80 da sukari wajen giram 27. Babban gwangwanin Monster na rabin lita, kafeyin miligiram 160. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 kada yaro ko matashi ya wuce miligiram 3 a kowane kilo na nauyinsa a yini. To ku yi lissafi da kanku. Yaro mai kilo 40, iyakarsa 120. Rabin lita ɗaya ya riga ya tsallake da shi, tun ba a ƙirga Nescafé na mai shayi da safe ba, ba a ƙirga kofin farko na fada ba, wanda kowa ya san ɗacinsa, ba a ƙirga goro ba. Sukarin kuma, rabin lita kan haura giram 50, fiye da cokalin shayi goma sha biyu. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta cokali goma sha biyu a kofi ɗaya tana kallo?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shan sa a cikin da babu abinci. Ana ba yaro kuɗin karin kumallo, ya wuce mai ƙosai, ya wuce mai koko, ya tsaya wurin mai firji. Ciki wayam, kafeyin ya shige jini da sauri, cikin minti 30 zuwa awa ɗaya ya kai ƙololuwa. Yaro ya ji kamar zai ɗaga mota. Kafin azahar sukarin ya sauka, jiki ya mutu, kai ya ɗau ciwo, sai ya nemi na biyu. Kafeyin kuwa bai tafi ba: bayan awa biyar rabinsa na nan a jiki. Wanda ya sha da magariba, tsakar dare yana juyi a tabarma. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, ya samu huɗu, gari ya waye a gajiye, ya sake komawa wurin mai firji. Karatun da aka ce don shi ake sha ma ba ya zama, don sai da barci ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da aka karanta. Haba samari! Ƙarfin nan rance ne kuke ci daga jikinku. Kuma a zafin Afrilu da Mayu, ga ƙwallo a rana, ba ya maye gurbin ruwa ko kaɗan.

Na san abin da ake cewa: kuɗinsa ne, bakinsa ne, ba giya ba ce, ba haramun ba ce. Ga baligi, na yarda. Ɗan kabu-kabu mai shekara 30 da ya san kansa, shawara ce tsakaninmu da shi, kada ya wuce miligiram 400 a yini, shi ke nan. Amma ɗan shekara 13 wane zaɓi ya yi? Bai karanta bayan gwangwani ba, bai san miligiram ba, ya ga hoton ɗan ƙwallo ne da yayansa yana sha. A Turai doka ta tilasta wa duk abin shan ƙara kuzarin da kafeyinsa ya haura miligiram 150 a lita ya rubuta cewa bai dace da yara da masu ciki da masu shayarwa ba. Ku juya gwangwanin ku duba, sau da yawa gargaɗin na nan da ƙananan baƙaƙe, da Faransanci ko Ingilishi, inda yaro ba zai kula ba. Lituwaniya ta hana sayar wa ƴan ƙasa da shekara 18 tun 2014, Latbiya ta bi a 2016, Polan a 2024. A Ingila manyan kantuna da kansu suka daina sayar wa ƴan ƙasa da 16 a 2018, ba su jira doka ba.

Ni ina goyon bayan hani, kuma ba na ɓoyewa. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, a nan ba kowane yaro ke yawo da takardar haihuwa ba, mai tebur a bakin lakkol ba zai tambayi katin shaida ba. Amma Alhaji mai shago, ka san ɗan wane ne, ka san ajinsa, wataƙila ka je sunansa. Ba ka bukatar kati. Idan ba za ka miƙa wa ɗanka ba, don Allah kada ka miƙa wa ɗan maƙwabcinka don ribar dala biyar. Ke kuma Hajiya, ki daina sa shi cikin kayan biki da na buɗa-baki ana raba wa yara. Ba lemo ba ne, na sake faɗa.

A taƙaice:

- Ƙasa da shekara 18, a bar shi gaba ɗaya. Mai ciki da mai shayarwa ma haka.
- A ci abinci a gida kafin a fita, ko a ba mai ƙosai kuɗin kai tsaye.
- Mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, ko kurɓa ɗaya a'a.
- Kada a haɗa shi da tiramol ko giya. Tiramol kaɗai na iya jawo jijjiga, balle an ɗora masa wannan.
- Wanda ya saba sha kullum ya rage da rabi-rabi cikin mako ɗaya ko biyu. Ciwon kai da kasala za su zo kwanakin farko, za su wuce. Ruwa, fura da barci su ne maganin.

Ku kuma ƴaƴana, ba faɗa nake muku don ƙiyayya ba. Na san kuna son cin jarabawa, na san wasunku na aikin ƙarfi bayan lakkol. Ku kwanta da wuri ku tashi da asuba ku yi karatun, ya fi zama.

Idan yaro ya sha ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ko bugun zuciya ya ƙi lafawa bayan ya zauna ya huta, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a tsaya jiƙa-jiƙa ko hayaƙi. A kawo shi CSI (ƙaramar likitar unguwa ko ƙauye) mafi kusa ko babbar likita nan take, a taho da gwangwanin ko kwalbar da ya sha, a gaya mana nawa ya sha, ƙarfe nawa, da abin da ya haɗa da shi.