Waiwaye: Yadda waƙar bariki ta zama taken Sudan

A rumfar wata mai shayi a Gadarif gardamar ta taso. Wayar wani yaro ce ta saki waƙar "Azza fi Hawak", sai baffana, tsohon malamin firamare da yaƙi ya taso daga Wad Madani a ƙarshen 2023, ya ajiye finjalin jabanarsa, wato gahawa, ya ce, "Ɗana, ka ji taken ƙasar nan na gaskiya. Wanda na shekara talatin ina tsayar da yara a rana suna rerawa, na soja ne." Na ce, "Baffa, ai shi muka tashi da shi." Ya ce tashi da abu daban, cancanta daban.

Ta fuskar tarihi dai Baffa bai yi ƙarya ba. Taken da muke kira Nashidul Alam, wato "Nahnu Jundullah, Jundul Watan", asalinsa waƙar Rundunar Tsaron Sudan ce, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1925. Ahmad Muhammad Salih, malamin makaranta kuma mawaƙi, shi ya rubuta baitocin, Ahmad Murjan na ƙungiyar badujalar soja ya sa musu sauti. Da majalisa ta ayyana 'yanci ranar 19 ga Disamba 1955, kwana goma sha uku kacal suka rage a ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1956. Aka ɗauki wadda masu badujala suka riga suka iya. Marubucin nata ma yana cikin mutum biyar na majalisar ƙoli ta farko da ta riƙe shugabancin ƙasa.

Ma'anarta a taƙaice: mu rundunar Allah ne, rundunar ƙasa, in an yi kiran sadaukarwa ba ma cin amana, ba ma tsoron mutuwa, ƙasar nan tamu ce. A ƙarshe sai ta ce wa 'ya'yan Sudan ga alamarku nan, mai ɗauke da kaya, mai tsare ƙasarku. A layin safe na makaranta tuta muke kallo idan an zo wurin, muna zaton ita ake nufi. To amma ƙyalle ba ya ɗaukar kaya, ba ya tsare iyaka. Soja ake nufi. A ƙasar da Abbud ya yi juyin mulki a 1958, Numairi a 1969, Bashir a 1989, ba abin mamaki ba ne wannan baitin ya tsaya wa wasu a maƙogwaro.

Waƙar da Baffa yake so ta girmi taken nesa ba kusa ba. Khalil Farah, Banube daga arewa, ma'aikacin gidan waya, shi ya yi ta, ya kuma rasu a 1932 bai ga 'yanci ba. Zamanin da Turawa suka murƙushe ƙungiyar Farar Tuta ta su Ali Abdul Latif a 1924 ne, ba a iya ambaton ƙasa a fili, sai ya sa mata sunan mace, Azza, ya yi ta begenta kamar saurayi. Bature ya ji waƙar soyayya, ɗan ƙasa ya ji abin da ya ji. Kyanta ke nan, kuma shi ne matsalarta: a hankali take tafiya kamar ruwan Nilu da rani, da Larabcin gida, tana zagaya unguwannin Khartum da kewaye. A sa yara ɗari biyar su rera ta da ƙarfe bakwai na safe, a ga yadda za a ƙare.

Akwai sauran 'yan takara. Ƙungiyar waɗanda suka yi karatun boko, da aka kafa a 1938, tana da nata taken, "Lil Ula", na Khidir Hamad. Akwai "Ana Sudani Ana" da Hasan Khalifa al-Atbarawi ya rera, wadda ko a filin ƙwallo aka sa ta sai tsikar jiki ta tashi. Sai waƙoƙin Muhammad Wardi na 'yanci da na juyin Oktoba 1964. A nan ne ni nake rabuwa da masu neman canji. "Lil Ula" ta ce al'ummar nan asalinta Larabawa ne. "Ana Sudani Ana" ma, duk daɗinta, tana da baitin da ke kirarin tsatson Larabawa. Mu da kakanninmu suka biyo Muhammad Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna bakin Shuɗin Nilu, muka noma audugar Jazira da dawar Gadarif, ina za mu tsaya a wannan baitin? Ina Banube, ina Bafuren Darfur, ina ɗan ƙabilar Beja? Taken soja, duk laifinsa, bai tambayi kowa kakansa ba. In ma canjin za a yi, ni "Ardul Khair" ta Ibrahim al-Kashif zan zaɓa, wadda mai rerawa ke cewa shi ɗan Afirka ne, ɗan Sudan ne.

Abin lura shi ne babu gwamnatin da ta taɓa taken. Numairi ya sauke tutar farko mai shuɗi da rawaya da kore a 1970, ya kawo mai ja da fari da baƙi da kore, amma ya bar waƙar yadda ya same ta. Sudan ta Kudu da ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, gasa ta shirya ta fitar da nata sabo fil, da Turanci. Najeriya kuwa, inda dangi suke, ta canza a 1978, ta sake komawa tsohon a 2024. Mu muna nan kan baitocin 1956.

A zaman dirshan na ƙofar hedikwatar soja a Khartum, daga 6 ga Afrilu 2019, matasa masu neman mulkin farar hula sun rera wannan taken na soja, sun kuma rera na Wardi da na Khalil a dare guda. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa su da harsashi a ƙofar wannan hedikwatar. Na tuna wa Baffa haka, na ce ashe waƙar ta fita daga bariki tuntuni. Ya yi shiru, ya juya cokali a finjali, sannan ya ce wa yaron mai waya, "Kai, maido mana Azza daga farko."