Wane ne Ocean Vuong, sha'irin da mahaifiyarsa ba ta iya karanta littattafansa ba?

Daga ina ya fito?

An haife shi a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam a 1988. Kakansa na wajen uwa sojan Amurka ne da ya zo lokacin yaƙin Biyetnam. Yana ɗan shekara biyu iyalinsa suka bar ƙasar, suka ɗan zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Filifin, sannan suka sauka a Hartford, jihar Connecticut ta Amurka. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana aiki a shagon gyaran farce. Shi ne na farko a gidansu da ya iya karatu, kuma sai da ya kai shekara 11.

Me yake rubutawa?

Yaƙi, hijira, talauci, da soyayya. Namiji ne mai son maza, bai ɓoye ba, kuma hakan yana cikin waƙoƙinsa ƙarara, gefe da gefe da labarin kakarsa da na uban da ya tafi ya bar su. Amma a ganina, jijiyar aikinsa ita ce uwar. Littafinsa na ƙagaggen labari na 2019, On Earth We're Briefly Gorgeous, wasiƙa ce daga ɗa zuwa ga uwar da ba ta iya karatu ba. Ka duba wannan lamari: kana zuba wa mutum sirrin zuciyarka a takarda, alhali ka san ba zai taɓa buɗewa ya gane ba. A shekarar da littafin ya fito cutar daji ta yi ajalin mahaifiyar Vuong. Kundin waƙoƙinsa na 2022, Time Is a Mother, daga wannan rashin ya samo asali.

Wace karramawa ya samu?

Kundinsa na farko, Night Sky with Exit Wounds, ya fito a 2016, ya ci kyautar rubutattun waƙoƙi ta T. S. Eliot ta 2017 a Ingila, wadda ba kasafai sabon shiga yake samunta ba. A 2019 Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta ba shi tallafin dala 625,000.

Kowa ya yarda da gwanintarsa?

A'a. Wasu masu sharhi suna cewa yana cika wa magana ado har ma'ana ta ɓace, kuma a wasu baitocin ba su yi ƙarya ba. Sai dai inda ya sassauta, ya kawo hannun mahaifiyarsa da sinadarin farce ya cinye, nan kam ba a iya kau da kai.